Dusar ƙanƙara a Jos? Ƙanƙara dai

Duk shekara sai hoton nan ya dawo WhatsApp: titi fari fat, an rubuta a ƙasa wai dusar ƙanƙara ta sauka a Jos, har ana gargaɗin matasan Bauchi masu hawan Dutsen Zaranda ko tsaunukan Shere su kiyayi ruftawarta. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma shaci-faɗin ya fi yawa.

Jos na da sanyi, wannan ba musu. Garin yana kan tudu mai kimanin mita 1,200, kusan ninkin tsayin Bauchi, kuma a Disamba da Janairu sanyin asuba kan sauka ƙasa da digiri 10. Ƙanƙara ma tana zuba can, musamman a farkon damina, har ta lulluɓe ƙasa ta lotsa kwanon rufi. Sai dai ƙanƙara daban, dusa daban. Ƙanƙara tana daskarewa ne can cikin hadari mai tsawa, ta faɗo ko da an wuni ana zufa, kafin ka ankara ta narke. Dusa kuwa sai iskar da ke kusa da ƙasa ta kusa kaiwa digiri sifili, kuma da danshi a cikinta. Hunturunmu busasshe ne, leɓunanmu shaida. Ko Chappal Waddi na Taraba, tsauni mafi tsayi a Najeriya mai mita 2,419, ba ya tara dusa.

To me zai rufta? Ruftawar dusa sai ta taru hawa-hawa a gangare mai karkatar digiri 30 zuwa 45, sama ta yi tauri, ƙasa ta yi rauni. Sau da yawa nauyin matafiyin da kansa ne ke ɓalle ta. Wanda ta binne, in an wuce kamar minti 15 ba a tono shi ba, da wuya ya sha. A ranar 18 ga Afrilu 2014 ruftawar ƙanƙara ta kashe 'yan Nepal 16 masu yi wa baƙi jagora a tsaunin Everest.

Masu cewa babu dusa a Afirka gaba ɗaya su ma sun zame. Tana sauka a Toubkal na Maroko, mai mita 4,167, ta kuma sauka a Ain Sefra ta Aljeriya, bakin Sahara, a 2016 da 2018. Ɗalibinmu da ke Maroko in zai hau tsauni a Janairu, ya nemi jagora ɗan gari.

Haɗarin duwatsunmu na Bauchi na damina ne. Fa yana santsi bayan ruwa kamar an shafa masa sabulu, ruwa na sassauta ƙasar da ke riƙe da manyan duwatsu, tsawa kuma ta fi son tsiraran kololuwa. A watan Agusta a hau da sassafe, a sauko kafin hadarin la'asar ya haɗu daga gabas.