Takunkumi a Coci: Darasin Kartum da Omdurman Daga Annobar Korona

Ranar Alhamis 16 ga Afrilu, 2020, Firaministan Sudan na lokacin, Abdalla Hamdok, ya sallami gwamnan jihar Kartum, Janar Ahmed Abdun Hammad. Laifinsa shi ne ya ƙi aiwatar da umarnin dakatar da sallar jam'i a masallatai da taron sujada a coci-coci saboda korona. Ranar Asabar 18 ga wata aka kulle jihar baki ɗaya, aka taƙaita zirga-zirga a kan gadojin da suka haɗa Kartum da Omdurman da Bahri. Washegari ita ce Lahadin Ista ta Kibɗawa da sauran Kiristocin Otodoks, Musulmi kuma saura kusan mako guda su ɗauki azumi. Haka idi mafi girma a shekarar Kirista ya riski mutanen Masalma, tsohuwar unguwar Kibɗawa a Omdurman, suna cikin dokar kulle.

A kwanakin nan muhawara ta tsaya ne kan abu biyu: a rufe ko a buɗe. Amma kulle ba ya ɗorewa a garin da mafi yawan jama'a sai sun fita suke samun na sa wa a bakin salati, ga layin burodi, ga layin man fetur. A watan Yuli aka fara sassautawa, mutane suka koma wuraren ibada, cutar kuwa tana nan. A nan ne ainihin tambayar ta taso: tunda za a taru, yaya za a taru? Takunkumin rufe baki da hanci shi ne mafi arha cikin amsoshin, kuma shi ne wanda ikilisiya za ta iya tsarawa da kanta ba sai ta jira gwamnati ba. Wannan darasi ya shafi coci-cocinmu na Sabon Garin Kano da Wusasa ta Zariya da Maraɗi, kamar yadda ya shafi masallatanmu.

Alƙaluma suna zuwa a makare

Sudan ta sanar da mutum na farko da ya kamu ranar 13 ga Maris, 2020. Magidanci ne a Kartum da ya dawo daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, kuma kafin a sanar ya riga ya rasu. Wato tun daga mutum na farko, labari a bayan gawa ya zo. A watan Disamba na shekarar, masu bincike na jami'ar Imperial da ke Landan suka ƙiyasta cewa kusan kashi 2 cikin 100 ne kawai na mace-macen korona a Kartum suka shiga lissafin hukuma, kuma sama da mutum 16,000 na iya zama sun rasu ba a ƙidaya su ba zuwa 20 ga Nuwamba. Kayan gwaji sun yi kaɗan, asibitoci da dama sun rufe ko sun rage aiki, mutane kuma suna tsoron a ce gidansu akwai cutar.

Cutar ba ta bar manya ba. Sadiƙ al-Mahdi, tsohon firaminista kuma jagoran ɗarikar Ansar, ya rasu da ita ranar 26 ga Nuwamba, 2020, yana da shekara 84, aka dawo da gawarsa daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa aka binne shi a Omdurman.

Saboda haka fasto ko dattijon ikilisiya da ya ce sai ya ji adadi ya yi yawa a rediyo sannan zai sa doka, ya riga ya makara. Alamar da ta fi kusa da shi ita ce abin da yake gani da idonsa: tsofaffi nawa ne suka daina zuwa sujada saboda zazzaɓi da tari, jana'iza nawa aka yi a wata ɗaya, gida nawa aka je gaisuwar mara lafiya.

Me ya sa coci ke da haɗari na musamman?

Ƙwayar korona tana fita ne tare da numfashi. Idan mutum ya yi magana, ko tari, ko waƙa, ɗigo-ɗigon yawu suna fita daga bakinsa da hancinsa. Manya suna faɗuwa kusa, ƙananan kuwa suna shawagi a iska, su taru a ɗakin da ba ya samun iska sosai. Mai waƙa da ƙarfi ya fi mai magana fitar da su nesa ba kusa ba. Kuma mutum kan fara yaɗa cutar kwana ɗaya ko biyu kafin ya ji alamar komai a jikinsa, wani ma har ya warke bai san ya kamu ba.

Yanzu a dubi sujadar Lahadi. Awa biyu ko uku ana zaune kafaɗa da kafaɗa, ana waƙa, ana gaisuwar salama hannu da hannu, ana bin layi zuwa bagade domin Jibin Ubangiji, jika na jikin kakarsa. A babbar majami'ar Katolika ta Waliyi Matta da ke bakin Nilu, ko ta Angilikan da ke unguwar Amarat, akwai dogon rufi da fili. Amma da yawan Kiristocin birnin, 'yan asalin Duwatsun Nuba da Sudan ta Kudu, a lokacin suna zaune ne a unguwannin gefen gari irin su Hajj Yusuf da Mayo da Jabarona da Darussalam, inda coci kan kasance ɗakin ƙasa mai rufin kwano da 'yan tagogi ƙanana, a cike maƙil.

Duniya ta ga abin da irin wannan taro ke haifarwa. Ranar 10 ga Maris, 2020, mawaƙa 61 suka yi gwajin waƙa na awa biyu da rabi a wata coci a gundumar Skagit ta jihar Washington a Amurka. Mutum ɗaya ne a cikinsu ke da alamar mura. Sama da 50 suka kwanta, biyu suka rasu. A birnin Daegu na Koriya ta Kudu, sama da mutum 5,000 aka danganta kamuwarsu da cocin Shincheonji. A watan Mayu, sama da mutum 100 suka kamu bayan sujada a wata cocin Baptis a Frankfurt ta Jamus, inda aka yi waƙa ba takunkumi.

Abin da takunkumi ke yi, da abin da ba ya yi

Babban aikin takunkumi shi ne tare abin da ke fita daga bakin mai shi, sannan ya rage abin da ke shiga. Shi ya sa amfaninsa ke ƙaruwa idan kowa ya sa. Ranar 5 ga Yuni, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar jama'a su riƙa sa shi a wuraren da ba za a iya ba da tazara ba, ta ce na yadi ya zama mai rufi uku. Na asibiti ya fi na yadi, samfurin N95 kuma ya fi duka idan ya zauna daram a fuska.

Gwaji mafi girma da aka yi a kan jama'a shi ne na Bangaladash, a ƙauyuka 600, da manya kusan 340,000. An raba takunkumi kyauta, an sa masu tunatarwa a kasuwa da masallaci, an kuma jawo limamai cikin aikin. Masu sawa suka tashi daga kashi 13 zuwa 42 cikin 100. A ƙauyukan da aka raba na asibiti, kamuwa mai alamu ta ragu da kusan kashi 11, a cikin waɗanda suka haura shekara 60 kuwa ta ragu da kusan kashi 35. Wannan ya nuna abu biyu. Takunkumi yana rage haɗari, ba ya kawar da shi ɗungurungum. Kuma tsofaffi ne suka fi cin moriyarsa, su ne kuwa suka fi kowa riƙo da zuwa ibada.

Da yawa suna ganin mayafi ko amawalin rawani ya wadatar, kamar yadda macen Sudan ke jan gefen lulluɓinta ta rufe baki idan guguwar ƙura ta taso. Ya fi babu, amma yadi ne sirara mai rufi ɗaya, yana zamewa, kuma hannu na kai-kawo a kansa. Takunkumin da aka sauke ƙasan haɓa ko aka bar hanci a waje bai yi aikin komai ba. Wanda ya jiƙe da gumi a canza shi, abin da ke faruwa da wuri a Kartum, inda zafi ke haura digiri 40 a watan Mayu da Yuni. Mai ƙofar fitar da iska a gefe bai dace da taro ba, domin numfashin mai shi yana fita ba tacewa. Gilashin roba da ake rufe fuska da shi ba ya maye gurbin takunkumi. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuma ba a sa musu.

Dokar da za ta yi aiki

Na farko, shugaba ya fara. Idan limamin coci da dattawa suka shigo fuska a buɗe, sanarwar da aka manna a ƙofa ta zama takarda kawai. Mai wa'azi zai iya cirewa a kan mumbari idan akwai tazara mai kyau tsakaninsa da sahun farko, ya yi amfani da lasifika maimakon ɗaga murya, ya mayar kafin ya sauko.

Na biyu, kada a kori talaka a bakin ƙofa. A ƙarshen 2020 hauhawar farashi a Sudan ta haura kashi 200 cikin 100. Magidancin da ke fama da kuɗin burodi ba zai saya wa mutum bakwai takunkumi kowace Lahadi ba. Ikilisiya ta ware wani abu daga baiko, zumuntar mata da telolin cikinta su ɗinka na yadi mai rufi uku, a ajiye a ƙofa. Mai tsaron ƙofa ya miƙa da fara'a ya ce, "Baba, ga naka," ko "Mama, a ɗan ja shi sama ya rufe hanci." Kunyata mutum a gaban jama'a yana sa ya daina zuwa, ko ya zo da taurin kai.

Na uku, waƙa. A rage yawan mawaƙa, a rage tsawon waƙoƙi, su tsaya da tazara kusa da taga ko ƙofa, takunkumi a fuska. Gwajin waƙa na tsakiyar mako a yi shi a tsakar gida ko ƙarƙashin bishiya.

Na huɗu, Jibin Ubangiji. Kowace ɗarika da al'adarta: Kibɗawa suna bayarwa da cokali ɗaya, Angilikan suna sha daga ƙoƙo ɗaya, wasu suna raba ƙananan kofuna. Sauya wannan hurumin bishop-bishop ne da majalisun ɗarika, kuma coci-coci da dama a duniya sun dakatar da ƙoƙon tarayya a lokacin annobar. Abin da kowace ikilisiya za ta iya yi shi ne mai rabawa ya wanke hannu ya sa takunkumi, layi ya zama da tazara, mai karɓa ya sauke nasa na ɗan lokaci ya mayar nan take.

Na biyar, iska da lokaci. A buɗe tagogi da ƙofofi duka. Fanka a ɗakin da ke rufe juya iskar nan dai take yi. A raba sujada gida biyu ko uku, a bar ɗakin ya sha iska tsakani. Gaisuwar salama a yi ta da ɗora hannu a ƙirji.

Na shida, dokar ta bi mutane zuwa jana'iza da zaman makoki da ɗaurin aure. Can ne ake rungumar juna, ana kuka, ana cin abinci a kwano ɗaya. Mai tari ko zazzaɓi ya zauna a gida, ikilisiya ta kai masa addu'a da abinci, kada ya ji an yar da shi. Wanda ke da larurar numfashi da ta hana shi sawa a ba shi wuri kusa da taga.

Ga mai ganin takunkumi raunin bangaskiya ne

Wannan magana an ji ta a coci, an ji ta a masallaci. Amma Littafin Firistoci sura 13 ya umarci mai cutar fata ya rufe bakinsa ya zauna a keɓe, Bisharar Matta sura 4 kuma ta nuna Yesu ya ƙi dirowa daga ƙololuwar haikali don gwada kariyar Allah. Mai sa takunkumi yana kare tsohuwar da ke zaune a gabansa ne daga abin da bai san yana ɗauke da shi ba. Wannan ƙaunar maƙwabci ce da ake wa'azi a kanta kowace Lahadi.

Gobe ma rana ce

Sudan ta karɓi kashin farko na allurar rigakafi ƙarƙashin shirin COVAX a farkon Maris 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta janye dokar ta-ɓaci kan korona ranar 5 ga Mayu, 2023. Kafin nan yaƙi ya riga ya ɓarke a Kartum ranar 15 ga Afrilu, 2023, asibitoci suka rushe, aka kai hari cocin Mar Girgis ta Masalma, miliyoyi suka tsere. Inda mutane suka cunkusu a sansani da makarantu da wuraren ibada, ƙyanda da tarin fuka da sanƙarau suna samun hanya, kuma dukansu ta numfashi suke bi. A kula, kwalara da ta addabi Kartum a 2025 ta ruwa da abinci take shiga, zazzaɓin dengue kuma sauro ke kawo shi. Takunkumi ba ya tare waɗannan. Maganinsu tsabtataccen ruwa ne da wanke hannu da gidan sauro.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Majalisar dattawan kowace ikilisiya, da kwamitin kowane masallaci, su zauna tun yanzu da ma'aikatan lafiya da ke cikinsu, su rubuta a takarda ɗaya: wace alama ce za ta sa a fara dokar takunkumi, wa zai sanar, daga ina za a samo na marasa hali, yaushe za a janye. A karanta wa jama'a tun ana zaman lafiya, domin dokar da mutane suka ji tun da wuri daga bakin nasu ita ce suke bi idan annoba ta zo.