Mudun Auna Ƙwaƙwalwa

Yau batunmu cutar Huntington ne, da wata matsala da ke ci wa masu bincikenta tuwo a ƙwarya.

Sunan cutar ya samo asali ne daga likitan Amurka George Huntington, wanda ya bayyana ta a 1872. Gadonta ake yi. In uwa ko uba na ɗauke da ita, kowane ɗa na iya gada, yana iya tsira, rabi da rabi. Abin tausayin shi ne yawanci sai mutum ya kai shekara 30 zuwa 50, ya yi aure ya hayayyafa, sannan jiki ya fara fizge-fizge ba da son ransa ba, tunani ya raunana, hali ya sauya. An gano ƙwayar halittar da ke haddasa ta a 1993, amma har yau babu maganin da ke warkar da ita.

A 2022 wani ayarin masana, ƙarƙashin Farfesa Sarah Tabrizi ta Jami'ar UCL da ke Landan, ya kasa cutar mataki huɗu, daga 0 zuwa 3, domin aikin bincike. Mataki na 0 tun daga haihuwa ne, gwajin jini ke tabbatar da shi. A na 2 alamu sun fito fili, a na 3 hidimar yau da kullum ta fara gagara. Na 1 ne mai wuyar sha'ani. Mutum garau a ido, yana zuwa aikinsa, alhali wasu sassa biyu can cikin ƙwaƙwalwarsa, kaudet da futamen, sun soma motsewa. Hoton MRI kaɗai ke tona wannan.

To, na'urar MRI hoto kawai take bayarwa, ba ta faɗin girman komai. Manhajar kwamfuta ce ke bin hoton tana shata iyakar kowane sashe, ta auna shi, sannan a yi la'akari da girman ƙoƙon kan mutum da shekarunsa. Manhajojin kuwa bakinsu bai zo ɗaya ba. Iyakar sassan nan dishi-dishi take, ga shi ko ɗan motsin kai a cikin na'ura yana ɓata hoto. Da manhajar FreeSurfer aka tsayar da ma'aunin 2022. In aka auna da wata, irin FIRST ta Jami'ar Oxford, adadin yakan bambanta. Duk wanda ya taɓa auna hatsi da mudun wata kasuwa ya kai shi wata, ya san abin da nake nufi. Mutum ɗaya, hoto ɗaya, amma wanda ke bakin iyakar matakan biyu sai a same shi a mataki na 0 a nan, a mataki na 1 a can.

Ni wannan ya dame ni ƙwarai, domin da matakin ake iya zaɓar waɗanda za su shiga gwajin sabon magani, kuma fatan masana shi ne a tari cutar tun ba ta yi ɓarna ba. Matashin da ya ga yadda ta kwantar da mahaifinsa bai kamata ya rasa gurbi don an canza manhaja ba.

Kirana ga masu bincike: duk wanda zai faɗi matakin mutum, ya faɗi manhajar da ya auna da ita, kuma ya yi amfani da ma'aunin da aka tsayar dominta.