Abin Da Ya Kamata Ku Sani: Daga Adabin Turanci Zuwa Aikin Ba Da Shawara

Wanda ya karanta adabin Turanci a jami'a yakan sha tambaya daga dangi: "To, ban da koyarwa, me za ka yi da shi?" Akwai aikin da ba a cika tunawa da shi ba, wato ba da shawara ga mutanen da al'amura suka cushe musu, a makarantu da asibitoci da wuraren sasanta ma'aurata.

Jarin mai wannan aiki kunne ne. Da wuya mai damuwa ya faɗe ta kai tsaye, balle a wurinmu da kunya da kara ke ɗaure harshe. Matar aure za ta ce "ba komai" tana murza bakin gyalenta, alhali akwai komai. Ɗalibin adabi kuwa shekara huɗu ake horar da shi ya gano abin da aka ɓoye a bayan magana.

Ku dubi Okonkwo a littafin Chinua Achebe, Things Fall Apart, na 1958. Da hannunsa ya sare Ikemefuna, yaron da ke kiransa baba. Mai karatun shan iska zai ce mugu ne, ya wuce. A aji sai an tambaye ka dalili, har ka gano tsoro ne ke cin mutumin: kada a ce ya gaji ragwancin mahaifinsa, Unoka. Ga shi bayan kisan ya kwana biyu bai iya cin abinci ba. Wanda ya saba da irin wannan bin diddigi, in aka kawo masa yaron da ya addabi makaranta da faɗa, zai fara tambayar me yake tsoro kafin ya yanke masa hukunci. A ganina, wannan jinkirin hukunci shi ne babbar ribar karatun.

Likitoci ma sun farga. Rita Charon, likita a Jami'ar Columbia ta Amurka, ta koma ta yi digirin digirgir a adabin Turanci, sannan a 2000 ta kafa shirin koya wa likitoci sauraren labarin majiyyaci.

Sai dai adabi shi kaɗai bai isa ba, kuma wannan ba abin wasa ba ne. Ba ya koya maka alamomin ciwon damuwa, ko matakin ɗauka idan matashi ya ce ya gaji da rayuwa, ko ƙa'idar riƙe sirri, ko lokacin miƙa mutum ga likitan ƙwaƙwalwa.

A Nijeriya hanyar da aka saba bi ita ce a fara da babbar difloma ta ilimi, PGDE, sannan digiri na biyu a fannin jagoranci da ba da shawara, wanda ake yi a jami'o'i irin su Bayero ta Kano da Ahmadu Bello ta Zariya. Sharuɗɗan ɗauka sun bambanta, don haka a tuntuɓi tsangayar ilimi tun kafin a gama bautar ƙasa.