Mene ne "kat-of" na shiga jami'a?

Duk lokacin da JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, ta fitar da sakamako, kalmar "kat-of" ta cika labarai. Ma'anarta mafi ƙarancin makin da za a karɓa daga ɗalibi cikin maki 400 na jarrabawar.

Amma iri biyu ne, kuma nan ne iyaye da yawa a Boɗinga da Shagari na jihar Sakkwato ke ruɗewa. Akwai wanda ake sanarwa ga ƙasa baki ɗaya, akwai kuma wanda kowace jami'a ke tsayarwa ga kowane fanni. A Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, makin da zai kai yaro fannin tarihi ba zai kai shi likitanci ko aikin lauya ba, domin masu nema sun yi wa guraben yawa ƙwarai.

Jami'o'in tarayya na raba gurabe gida uku: kashi 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki, 35 ga 'yan yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya wajen boko, ciki har da Sakkwato. Ke nan ɗan Shagari na da ƙofofi uku a jami'ar gida. Wannan dama ce babba, kuma abin takaici ne yadda ba a bayyana ta ga yara tun a sakandare.

Wanda makinsa bai kai na likitanci ba yana iya sauya fanni, ko ya koma Jami'ar Jihar Sakkwato ta hanyar JAMB kafin a rufe damar sauyawar.