Masu Neman Zaƙi: Abubuwan Mamaki Daga Duniyar Ƙwari

A shekarar 1862 aka aika wa masanin halittu Charles Darwin wani farin fure daga tsibirin Madagaska. Ruwan zaƙinsa yana can ƙasan wani siririn bututu mai tsawon kusan santimita 30. Darwin ya ce lallai akwai malam-buɗe-littafin dare mai harshen da zai kai can, ko da ba a taɓa ganinsa ba. Ya rasu a 1882 bai gan shi ba. Sai a 1903 masana suka bayyana ƙwaron, harshensa a naɗe kamar gammo, yana warware shi in ya iso fure. Ganinsa yana shan ruwan furen kuwa, sai a 1992. Wannan labari yana burge ni ƙwarai: mutum ya kalli fure kawai, ya siffanta baƙonsa.

Akwai wani ɗan'uwansa a Afirka da Turai mai zane kamar ƙoƙon kan mutum a gadon bayansa. Shi ɓarawo ne. Yakan kutsa cikin amya ya sha zuma, ƙudan zuman ba su cika far masa ba domin jikinsa na fitar da ƙamshi irin nasu. In ka taɓa shi ma, ƙara yake yi.

Wani malam-buɗe-littafin dare kuma a Madagaska hawayen tsuntsu yake sha, tsuntsun na barci.

Mu koma kan tururuwa. A hamadar Ostireliya akwai masu ɗura wa wasu 'yan'uwansu zaƙi har cikinsu ya kumbura kamar ƙwayar inabi. Sai su rataye a rufin rami, su zama rumbun gida. In abinci ya yi wuya, su amayo wa sauran. 'Yan asalin ƙasar suna haƙo su su sha.

A Kenya, wata bishiya dangin farar ƙaya tana biyan tururuwa ladan gadi. Ta ba su ɗaki cikin kumburarrun ƙayoyinta, ta ba su ruwan zaƙi. Giwa ta miƙo hanci, su yi mata caa har ta janye. Iska in ta ratsa ƙofofin ɗakunan, bishiyar fito take yi.

Manominmu ma ya san wani abu makamancin haka. In ka ga tururuwa na hawa da sauka a jikin wake, juya ganyen ka duba: darɓa take tatsa daga ƙananan ƙwari, tana kuma kare su daga masu cin su.