Ƙibar Ƙafa Da Yunwa Ba Ta Narkar Da Ita

A Nasarawo da ke Gombe, kamar sauran unguwanninmu, mace mai cikar ƙugu da cinyoyi yabo take sha, a ce Allah ya yi mata diri. Shi ya sa wata lalura take ɓuya a cikin zani shekara da shekaru. Likitoci suna kiranta lipidima: kitse ne da ke taruwa a ƙafafu biyu daidai wa daida, daga ƙugu zuwa idon sawu, sai ya tsaya cak ya bar tafin ƙafa yadda yake. Ga zafi in an danna, kuma ɗan bugu kaɗan sai jini ya kwanta.

Allen da Hines, likitocin asibitin Mayo a Amurka, su suka fara bayyana ta a 1940, amma sai a kundin cututtukan Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 ta samu gurbinta. Kusan mata kaɗai take kamawa, galibi lokacin balaga, goyon ciki ko ɗaukewar al'ada. Ba tundurmi ba ce. Shi tundurmi, tsutsar da sauro ke yaɗawa ce ke jawo shi, kuma yakan kumbura har yatsu.

To, me abinci zai yi? Wadda ta hana cikinta, ko ta dage da shayin rage ƙiba, za ta ga fuska ta zube, wuya ya yi rami, ƙafa kuwa tana nan daram. Tsoka da kitsen saman jiki ne suka tafi, na ƙafa ya zauna. Amfanin gyara ci shi ne hana teɓa hawa kan lalurar, don nauyin biyu ne ke kassara gwiwa. Wasu ƙananan gwaje-gwaje a Trondheim ta ƙasar Norway sun nuna cewa matan da suka rage sitaci da sukari sun samu sauƙin zafi, ko da yake ba warkewa ba ce.

Nan fa ake yin ta, don kwanonmu na tuwo ne da shinkafa, da safe ga masa da kunu mai sukari. Ba sai an yi sallama da tuwo ba. Malmala biyu ta koma ɗaya, miyar kuka ko ta zogale ta yi yawa, wake daga kasuwar Tudun Hatsi ya shigo sosai, da ƙwai, da gyaɗa, da kifin Dadin Kowa. Lemon kwalba ne ya kamata a fara kora, shi da ƙwayoyin "sha ka fashe" da wasu ke haɗiya don neman ƙiba.

Mai ciwon sukari ko juna biyu kada ta rage sitaci da ka, sai da shawarar likita. A Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe za a iya duba ko kumburin daga ƙoda ko zuciya ne, kafin a zo maganar safa mai matse ƙafa da tattakin yau da kullum.