Gaskiya ko Jita-jita: Madubin Gefen Mota Maƙaryaci Ne?

Ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, hanyar Gumel cike take da tirelolin shanu, ga 'yan acaɓa na kutsawa tsakaninsu. A irin wannan rana ake jin direba na ƙorafi cewa madubin gefe ƙarya yake yi: ka hango mota can nesa, kafin ka ankara ta cim maka.

Rabin maganar gaskiya ce. Madubin yana da ɗan doro, kuma da gangan aka ƙera shi haka. Hasken da ya faɗa masa bazuwa yake yi wajen dawowa, sai madubin ya kwaso fili mai faɗi, amma komai ya ƙanƙance. Ido kuwa ya saba ɗaukar ƙaramin abu a matsayin na nesa. Tirelar tana kusa, ido ne ya kai ta nesa. Shi ya sa a Amurka doka ta tilasta rubuta gargaɗi a jikin irin wannan madubi na gefen fasinja.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai cewa madubin ɗaki ya fi, idan nasa ya fashe sai ya sa a yanko masa shi a liƙa. Zai ga girman motar daidai, amma ɗan acaɓan da ke dab da ƙofarsa ya ɓace masa.

Wai madubi mai kwarmi, kishiyar mai doro, kullum ƙara girman abu yake? Jita-jita ce. Ɗauki cokali mai sheƙi ka leƙa cikinsa: ga ka ɗan mitsitsi, kai a ƙasa. Kai ɗan yatsanka har ya kusa taɓa gindin kwarmin, sai ya miƙe ya ƙara girma. Akwai wani gurbi a gabansa inda haske ke haɗuwa. Abin da ya shige gurbin ta ciki yana fitowa tsaye, na waje kuwa kifewa yake.

Batun tada wuta da madubi kuwa gaskiya ne. Babban madubi mai kwarmi, a ranar bazara irin ta Gagarawa ko Sule Tankarkar, zai tara zafi a gurbin nan har busasshen kara ya kama. Masanin kimiyya Ibn Sahl ya yi rubutu a kan madubai masu ƙonawa a Bagadaza wajen shekarar 984, wani masanin, Ibn al-Haisam, ya biyo baya da nasa. Fitilar mota da tocila juya dabarar suka yi: ƙwan na zaune a gurbin, kwarmin ya tattara haskensa ya cilla shi gaba.